AC na kunne amma iska babu: gas ne ko ba gas ba?

Maman Ilham (Tumfure): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu sani a taimaka min. AC ɗin ɗakina, irin mai rabi ciki rabi waje, doki ɗaya da rabi, ya daina fitar da iska. In na danna rimot yana amsawa, fitilarsa ta kawo, murfin bakin ya buɗe, na waje ma ina jin gurnaninsa ta taga. Amma in ka kai hannu bakin, ko alamar iska babu. Na kira wani mai gyara, ko zuwa bai yi ba ya ce gas ne ya ƙare, in tura kuɗi ya sayo ya taho da shi. Maigida ba ya gari, ga zafin Afrilun nan, yarinya duk ƙurajen zafi sun feso mata a wuya. In tura ne?

Abba Bolari: Wa alaikumus salam Adda. Gas ne wallahi. Namu ma haka ya yi bara, ana zubawa ya miƙe.

Injiniya (Jekadafari): Abba, naku iskar ce babu gaba ɗaya, ko yana hurawa sanyin ne babu?

Abba Bolari: Yana hurawa kam, amma ɗumi.

Injiniya (Jekadafari): To ba ciwo ɗaya ba ne. Maman Ilham kar ki tura ko sisi tukuna. Gas aikinsa sanyaya ƙarfen nan mai sirara-siraran haƙarƙari da ke bayan raga. Wadda take tura iska zuwa ɗaki fanka ce, doguwa mai siffar gora, tana kwance can cikin bakin, da ɗan injinta a gefe. Ko ɗigon gas babu a cikin AC, fankar nan za ta juya, ki ji iska, sai dai ba sanyi. Tunda ke iskar ce babu, wurin fanka da hanyar iska za a fara dubawa.

Abu na farko, kashe shi yanzu daga soket, ba da rimot kawai ba. Barin na waje yana aiki alhali na ciki ba ya hurawa yana iya kashe miki kwamfaresa, wato injin da ke cikin na waje mai tura gas, ita ce kuma mai tsadar.

Maman Ilham (Tumfure): Na kashe, Hamma Injiniya. Sai me?

Injiniya (Jekadafari): Ɗaga babban murfin gaba, ki kama gefe da gefe ki ja sama. Za ki ga raga guda biyu. Zaro su. Gaya min yadda kika same su, da abin da kika gani a bayansu.

Goggon Pantami: Kafin nan 'yata, duba rimot ɗin. Jikokina sun taɓa mayar min da nawa kan wata alama, na kwana ina fifita da mafici, washegari yaron maƙwabta ya danna sau biyu ya dawo daidai.

Injiniya (Jekadafari): Goggo kun kawo magana mai kyau. Alamar da ake so ita ce mai kama da tauraron ƙanƙara. Mai ɗigon ruwa ta busar da laima ce, fanka tana tafiya a hankali ƙwarai, wani lokaci ta tsaya ta ci gaba. Mai hoton rana ta ɗumama ɗaki ce, a nan na'urar ba ta sakin iska sai ƙarfen ciki ya yi ɗumi, to a zafin Gombe kuwa sai ki yi ta jira.

Maman Ilham (Tumfure): Rimot yana kan tauraron, 16. Amma innalillahi, ragar nan! Ba a ganin ramukanta sam, ƙura ta yi kauri har ina ɓamɓarowa da farce tana fitowa falle-falle, ja-ja-ja irin ƙasar unguwar nan. Bayanta kuma ƙanƙara ce fara sol ta rufe ƙarfen tun daga sama har ƙasa. Yanzu ma ta fara ɗiga a kan katifa.

Abba Bolari: Ai ka ji! Ƙanƙara alamar ƙarancin gas ce. Na faɗa.

Mai Gyaran Sanyi (Sabon Layi): Yaron nan bai yi ƙarya ba, Injiniya. In gas ya ragu, ƙarfen ciki yakan yi sanyin da ya wuce ƙa'ida, laimar ɗaki ta daskare a jikinsa, ƙanƙara ta toshe hanya, iska ta ragu har mutum ya ce babu. Muna gani kullum. Kar a mayar da abokin sana'armu maƙaryaci tun ba a duba ba.

Injiniya (Jekadafari): Ban ce ba ya faruwa ba, Oga. Amma ƙanƙara hanya uku take zuwa: gas ya ragu, ko raga ta toshe, ko fanka ta tsaya. Biyu daga ciki ba su da alaƙa da gas. Ga raga mun gani da idonmu. Ta yaya mutum zai zaɓi ɗaya ta waya, kuma ya zaɓi mai tsada? Kuma in ƙanƙara ce kawai ta tare, ai za a ji ƙarar fanka tana juyawa, kuma da farkon kunnawa iska za ta fito kafin ta daskare. Maman Ilham, da kika kunna, iska ta fara fitowa sannan ta ɗauke, ko tun farko babu?

Maman Ilham (Tumfure): Tun farko babu. Sai wani siririn gunji nake ji daga hannun dama, "uuun", ƙasa-ƙasa. Amma kwanakin baya na lura iskar ta yi rauni, ko na sa a mafi ƙarfi. Wani lokaci kuma sai ya jima kafin ya fara hurawa.

Mai Gyaran Sanyi (Sabon Layi): To wannan gunjin ya sauya magana. Wuta tana isa injin fanka, juyawa ce ya kasa.

Bappan Kumo: Mu da muka tashi muna shimfiɗa tabarma a tsakar gida duk bazara ba mu san wannan wahala ba. Ku yayyafa ruwa a ƙasa ku fito waje.

Maman Ilham (Tumfure): Bappa sauro fa? Ga gidajen yanzu duk siminti, tsakar gidan ma har ƙarfe sha biyun dare tana turiri.

Ɗan Sola (Dukku Road): Ni ina ganin wuta ce. Da yamma in kowa ya kunna kaya, ƙarfin wuta a unguwanni da yawa faɗuwa yake yi. A jikin AC an rubuta 220 zuwa 240, in ta sauko can ƙasa ba abin da zai tashi. Hajiya ki sa sola ki huta, inbata mai kyau da batir, ni zan yi miki lissafi.

Mai Kula da Zaure: Ɗan Sola, talla ranar Asabar ne.

Injiniya (Jekadafari): Maganar wuta tana da gurbi, amma ba a nan ba. In ƙarfin wuta ya faɗi, kwamfaresa ce take fara kasawa, don ita ke jan wuta mai yawa, sama da wat dubu a doki ɗaya da rabi, lokacin tashi kuma ta ninka haka. Injin fankar ciki 'yan wat gomomi kawai yake ci. Ita kuwa kwamfaresarta tana aiki har ta haɗa ƙanƙara. Wutar da ta iya tayar da babba ba za ta gaza ƙarami ba. Inda na yarda da kai shi ne, hawa da saukar wuta da zafi suna gajiyar da kafasita, ɗan abin da ke taimaka wa injin fanka tashi, kuma can nake zargi.

Maman Ilham, ga aikin da za ki iya da kanki. Bar shi a kashe, ki shimfiɗa tawul da roba a ƙasa, ƙanƙarar ta narke da kanta. Kar ki ɓamɓare ta da wuƙa ko cokali, bututun da ke ciki siriri ne, in kika huda shi to gas ɗin da ake ta magana ya tafi da gaske. Ragar kuma ki wanke da ruwa da ɗan sabulu, ki shanya a inuwa, rana tana lanƙwasa ta. In komai ya bushe, AC yana kashe daga soket, ki tura murfin bakin ƙasa da hannu a hankali, ki haska da fitilar waya, ki sa biro ko tsinken tsintsiya mai kauri ki juya fankar. Ina so in san tana juyawa sumul ko tana cijewa.

Goggon Pantami: Allah ya yi maka albarka ɗan nan. Da masu gyara haka suke bayani da ba mu sha wuya ba. Ni duk shekara sai an ce min gas, duk shekara. Har na ɗauka shan sa yake yi.

Mai Gyaran Sanyi (Sabon Layi): Goggo ba ya sha. Gas a rufe yake yana zagayawa tsakanin na ciki da na waje, ba ya ƙonewa. In ya ragu to akwai inda yake yoyo, yawanci wajen noti-notin da aka ɗaure bututu da su a jikin na waje, ko inda aka lanƙwasa bututu da ƙarfi lokacin kafawa. Ana shafa kumfar sabulu a gani, kuma wurin yakan yi maiƙo-maiƙo ƙura ta manne. Wanda yake zuba muku duk shekara bai toshe yoyon ba ne.

Amma ku ma masu gida a faɗi naku. Mutum ya zo ya ce a bari ya nemi yoyo, ya sake bakin bututu, ya zuƙe iskar ciki da injin kafin ya zuba sabo, sai a ce ya cika tsada, a kira mai zubawa ya tafi. In ka ce kuɗin dubawa, a ce me ka yi? Shi ya sa yara da yawa suka koma cewa gas, don shi kaɗai ne mai gida yake biya ba gardama, ya ga tulu ya ga geji mai auna matsin gas ya ji "fuuu". Ka hau babur daga Sabon Layi zuwa Tumfure a wannan rana, ka gano ɗan abin da bai kai ɗan yatsa ba, sai a miƙo maka kuɗin mai.

Hamma Sale (Federal Low-Cost): Wannan ba hujja ba ce, Oga. Rashin biyan wani ba ya halatta maka cin kuɗin wani.

Mai Gyaran Sanyi (Sabon Layi): Ban halatta ba. Na faɗi inda abin ya samo asali ne.

Hamma Sale (Federal Low-Cost): Kuma cika gas a na'urar da ba ta buƙata ai cutarwa ce, ko ba haka ba Injiniya?

Injiniya (Jekadafari): Haka ne. In ya yi yawa matsi yana hawa, kwamfaresa ta ƙara jan wuta, ta yi zafi, sanyin ma ya ragu. Ga kuma nau'i. A gefen na waje akwai takarda da aka rubuta irin gas ɗin da nauyinsa: tsofaffi R22, na baya-baya R410A, sababbi da yawa R32. Ba a gauraya su, matsinsu ba ɗaya ba ne, R32 kuma yana iya kamawa da wuta, ba a wasa da walda kusa da shi. R22 ma duniya tana kan hanyar daina shi ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda illar da yake wa sararin samaniya. Wanda ya ce a tura kuɗin gas bai tambayi wane iri ba ne, me zai sayo?

Maman Ilham (Tumfure): Wallahi bai tambaya ba. Na leƙa, R22 aka rubuta. Tun muna amare aka kafa shi.

Na yi abin da ka ce. Ƙanƙara ta narke, ruwa ya kusa cika roba. Fanka tana juyawa ba cijewa, in na tura ta takan ɗan ci gaba kafin ta tsaya. Amma tsakanin haƙoranta duk baƙin datti ne ya daskare, har da gidan zanzaro guda a can ƙarshen hagu, da ƙasarsa da komai.

Bappan Kumo: Zanzaro ma ya san inda sanyi yake.

Injiniya (Jekadafari): Madalla, boris ɗin da fanka ke juyawa a kansa bai ci ba kenan, kuma ba abin da ya maƙale. Mayar da raga. Kunna soket, ki sa rimot a kan fanka kaɗai, alamar fanka, don kar na waje ya tashi. Ki saurara.

Maman Ilham (Tumfure): Gunjin nan dai, ba iska.

Mai Gyaran Sanyi (Sabon Layi): Mu a nan mukan ɗan tunkuɗa fankar da roba yana kunne. In ta ɗauka ta ci gaba, kafasita ce. Amma Hajiya ban ce ki sa yatsa ba, kuma ba ƙarfe.

Injiniya (Jekadafari): Da na fi so ta bar wa mai gyara wannan.

Maman Ilham (Tumfure): Ai kafin in ga saƙonka har na taɓa da gindin biro. Ta tashi! Tana juyawa, iska na fitowa amma ba ƙarfi. Na kashe na sake kunnawa, ta koma gunji.

Injiniya (Jekadafari): To an kusa gamawa. Kashe shi, kar ki bar shi yana gunji, wayar cikin injin tana zafi ne a banza. Kafasita ita ke ba injin tunkuɗar farko, kamar motar da batirinta ya mutu, in an tura ta tashi. Ta fankar ciki ƙarama ce, ɗan baƙin akwati mai ƙafa biyu, sau da yawa a jikin bod take, wato allon da ke sarrafa na'urar a hannun dama, lambarta tsakanin 1 da 2 µF ko kusa da haka. Daban take da babbar gwangwanin da ke cikin na waje, wadda ke tayar da kwamfaresa, ita lambarta takan kai 30 ko fiye. Raunin iska da jinkirin tashi da kika gani kwanakin baya, ita ce take mutuwa a hankali, ga nauyin datti a kan fanka yana ƙara mata aiki.

Wannan kam ba aikinki ba ne. Kafasita tana riƙe wuta ko bayan an cire soket. Kira mai gyara, ki ce ya taho da mitar da ke auna kafasita, ya auna a gabanki. Abin da mita ta nuna a gwada da abin da aka rubuta a jiki, a sa sabuwa mai lamba ɗaya.

Hamma Sale (Federal Low-Cost): Tambaya. AC ɗina irin mai inbata ne, sabo. In ya yi irin haka shi ma kafasita ce?

Injiniya (Jekadafari): Ba lallai ba. Da yawa daga masu inbata injin fankarsu wani iri ne, bod ke sarrafa shi kai tsaye, babu wannan kafasitar. Kuma sababbi suna jin juyawar fanka. In ba ta juya ba, cikin ɗan lokaci sai na'urar ta kashe kanta ta nuna lamba a fuska ko fitila ta riƙa ƙiftawa. A Gree H6 ce alamar fankar ciki, a Midea da yawa E3. Kowane kamfani da nasa, a duba ɗan littafin da ya zo da shi. Nata tsoho ne shi ya sa na waje ya yi ta aiki har ƙanƙara ta taru.

Mai Gyaran Sanyi (Sabon Layi): A ƙara da tsaka da ɓera. Tsaka tana son ɗumin bod, ta kwanta a kai wuta ta haɗa, mu buɗe mu tarar da ita a bushe. Ɓera kuma ta ramin da bututu ya ratsa bango yake shigowa ya ci wayar injin. Duk wanda aka kafa wa AC aka bar ramin nan a buɗe, ya sa a toshe.

Abba Bolari: Ni dai har yanzu ina ganin a ƙara gas ɗin ko kaɗan ne, tunda an riga an kira mutum. AC ɗin da ya daɗe haka ba zai rasa raguwa ba.

Injiniya (Jekadafari): Tsufa ba ya rage shi, yoyo ke ragewa. Kuma ba a auna gas daidai sai fanka tana aiki raga tana da tsabta. In aka sa geji yanzu zai nuna matsi ƙasa, mutum ya rantse gas ne, alhali rashin iska ne ya saukar da shi. A gyara fanka, a wanke, a bar shi ya yi aiki kamar minti goma sha biyar, sannan a auna.

Maman Ilham (Tumfure): Jama'a na dawo. Na kira wani daban da maƙwabciyata ta ba ni. Ya auna kafasitar ina tsaye, a jiki an rubuta 1.5, mitarsa ta nuna 0.3. Ya tafi kasuwa ya sayo, ya narka dalma ya sa. Sannan ya ɗaura leda a ƙarƙashin AC ɗin ya wanke fanka da ƙarfen da injin feshi, ruwan da ya sauko baƙi ƙirin. Ya busa bututun da ruwa ke fita ma, ya ce ya kusa toshewa. Yanzu labulen ƙofa har kaɗawa yake yi. Kuɗin kafasitar ba wani abu ba ne, wankin ne ya fi, duka biyun kuma ba su kai abin da na farko ya ce in tura ba. Allah ya saka wa kowa da alheri. Hamma Injiniya, Oga, Goggo, na gode.

Abba Bolari: Gas ɗin fa? Ya auna?

Maman Ilham (Tumfure): Ya sa geji bayan ya yi aiki, ya ce lafiya lau. Ya sa ni na taɓa bututu biyun da ke jikin na waje, mai kaurin yana da sanyi yana zufa.

Mai Gyaran Sanyi (Sabon Layi): Haka ake so. In wata rana kika ga siririn ya yi farin ƙanƙara shi kuma mai kaurin ba sanyi, sannan a yi maganar gas, a fara da neman yoyo. Ki riƙe lambar yaron nan.

Goggon Pantami: Turo min ita ta gefe 'yata.

Injiniya (Jekadafari): Saura rimot. Ɗaga shi daga 16 ki mayar 24 ko 25. A irin naki 16 ba ta sa ɗaki ya yi sanyi da wuri, hana kwamfaresa hutawa kawai take yi, ga kuɗin wuta. Raga kuma duk sati biyu, lokacin hazo duk sati ko da ba a kunna shi sosai. In wuta ta ɗauke ta dawo, a ba shi minti uku kafin na waje ya tashi, yawancinsu da kansu suke jira, kar a yi ta danna rimot ana cewa ya lalace.

Maman Ilham (Tumfure): 25 ɗin nan anya? Da rana ɗakin yamma yake kallo, bangon har ƙona hannu yake yi.

Injiniya (Jekadafari): Gwada yau da daddare tukuna. Da rana ki sauke labule mai kauri a tagar yamma tun azahar, ki haɗa da fankar sama a lamba ɗaya ko biyu.